ƊAN WA ZAI RIƘE? RIGIMAR RIƘON 'YA'YA A KOTUNAN KAFANCHAN

IDAN aure ya mutu, mace takan kwashe kayan ɗakinta, namiji ya riƙe gidansa, dangi kuma su sasanta a kan abin da ya rage. Abu guda ne ba ya rabuwa biyu, watau ɗan da aka haifa. A kan wannan ne ake ta kai ruwa rana a kotunan Kafanchan da na garuruwan da ke kewaye da ita, kamar su Zonkwa da Kagoro da Kwoi da Kachia. Sau da yawa kuwa uban da ake nema da sammaci ba ya gida, yana can Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun ko Fatakwal wajen neman abinci.

Hanyar da abin yake bi kusan iri ɗaya ce. Mutum ya yi aure a gida, ya bar iyali, ya gangara Kudu aikin gadi ko fatauci ko aikin soja. Zuwa gida sai da Salla ko Kirsimeti. A kwana a tashi aure ya yi tsami, har ya mutu, yaro yana hannun uwa. Bayan shekara biyu ko uku sai labari ya iske uban cewa matar ta yi wani aure, ɗansa ya zama agola, ko kuwa an gan shi da faranti a ka yana talla a tasha. Sai ya shigo mota ya zo, ya ce a ba shi yaron ya yi hutu a wurinsa. Hutu ya ƙare, aka koma makaranta, yaro bai dawo ba. Daga nan sai uwa ta nufi kotu.

Abin da yawancin iyaye maza kan faɗa a gaban alƙali bai wuce kalma biyu ba: "Allah ya gafarta Malam, ɗana ne." Wannan gaskiya ne, ba wanda ya musa. Amma tambayar da kotu ke yi dabam ce. Ba ta tambayar ɗan wane ne, tana tambayar a ina ya kamata ya kwana, wa zai ciyar da shi, kuma ta yaya wanda ba a ba riƙo ba zai riƙa ganinsa.

GARIN MAHAƊA

Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya. A 1927 aka haɗa layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Inugu da Makurɗi da wanda ya nufi Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos. A 1933 Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa nan. Ma'aikatan reluwe Ibo da Yarbawa, da fataken Hausa, da Fulani masu shanu, suka zauna tare da 'yan ƙasa, watau Fantswam da Kagoro da Kaninkon, da Bajju da Atyap da Ham waɗanda a dā ake kira Kaje da Kataf da Jaba. Inda aka zauna tare kuwa dole a yi auratayya, kuma kowa da irin aurensa.

Saboda haka aure iri uku ne a wannan ƙasa: auren Musulunci, da auren gargajiya, da auren rajista. A zamanin En'e da kuma bayan 1968, lokacin da kotunan En'e suka koma hannun gwamnatin jiha aka kira su kotunan yanki, alƙali ɗaya ne yake jin ƙarar Musulmi da ta wanda ba Musulmi ba, yana duba dokar da ta dace da kowane. Bayan tarzomar da aka yi a Kaduna a 2000 a kan batun shari'a, gwamnatin Alhaji Ahmed Muhammad Maƙarfi ta sake tsarin a 2001. Aka soke kotunan yanki, aka kafa kotunan shari'ar Musulunci da kotunan gargajiya, kowace da tata kotun ɗaukaka ƙara, ga kuma kotunan majistare da Babbar Kotun jiha, wadda take da mazauni a Kafanchan.

To, ke nan abu na farko da mai ƙara zai sani shi ne wane irin aure ya yi, domin shi ne zai nuna masa ƙofar da zai shiga.

ABIN DA MALIKIYYA TA TANADA

Akwai wata fahimta da ta zauna a zukatan jama'a, cewa da zarar an yaye yaro, ko kuwa ya kai shekara 7, to uba yana da ikon ya karɓe shi. Wannan al'ada ce, ba ita ce hukuncin mazhabar Malikiyya da kotunan Arewa ke aiki da ita ba. Maganar shekara 7 ta wasu mazhabobi ce. A littattafan da alƙalai ke dubawa, kamar Risala da Muhtasar da Tuhfa, riƙon yaro, wanda malamai ke kira hadana, haƙƙin uwa ne bayan rabuwa. Namiji yana hannunta har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare a ɗakin mijinta.

Uwa takan rasa wannan haƙƙi idan ta auri wani wanda ba muharramin yaron ba ne kuma ta tare, ko kuwa aka tabbatar ba ta da amana, ko hankali, ko lafiyar da za ta iya kula da shi. Amma ko a nan ma ba uba ne na gaba a layi ba. Kakar yaron ta wajen uwa ita ce ke biye, sa'an nan 'yar'uwar uwa. Sai an rasa waɗannan kafin a waiwayo ɗakin uba. Wannan shi ne abin da ya fi ba iyaye maza mamaki a kotu. Mutum ya biya kuɗin mota tun daga Ikko da shaidar cewa tsohuwar matarsa ta yi aure, yana tsammanin ya gama cin shari'a, sai ya ji an miƙa yaro ga surukarsa ta dā.

Haka kuma wanda riƙo ya faɗo kansa, idan ya san uwar ta yi aure amma ya yi shiru har shekara guda ba tare da wani uzuri ba, to ya zubar da haƙƙinsa. Wanda yake zuwa gida sau ɗaya a shekara sai ya lura da wannan.

Riƙo a hannun uwa bai tsige uba daga matsayinsa ba. Shi ne waliyyi. Shi ne zai ciyar, ya tufatar, ya biya magani, namiji har ya balaga ya iya neman na kansa, mace har ta tare. Yana da ikon ya duba lafiyar ɗansa, ya yi masa tarbiyya, ya sa shi makaranta, amma kwana a wurin mai riƙo ne. Kuma shi ne zai ba da auren 'yarsa idan lokaci ya yi. Ashe ke nan shari'a ba ta ƙwace ɗa daga hannun kowa ba, aiki ta raba wa iyayen.

MIL 72

Akwai hukunci guda da ya shafi mazauna Kudu kai tsaye. Malaman Malikiyya sun ce idan waliyyin yaro zai ƙaura zuwa wani gari mai nisan baridi 6, watau kimanin mil 72, to yana iya tafiya da yaron, sai fa idan mai riƙo ta yarda ta bi su. Haka ita ma idan ta ƙaura irin wannan nisa, riƙo yakan fita daga hannunta. Daga Kafanchan ko Kaduna ma ta wuce wannan nisa, balle Ikko da ta haura mil 500.

Sai dai hukuncin yana da sharuɗɗa. Dole tafiyar ta zama ƙaura ce ta zama, ba ta fatauci ko ci-rani ba, kuma ana iya rantsar da uban a kan haka. Dole garin da za a je ya zama akwai aminci, hanya ma haka. Nan ne alƙali yakan yi tambayoyin da ke da wuyar amsawa. Kana da gida a can ko kuwa a bakin shagon maigida kake kwana? Akwai mace a gidan da za ta kula da yaron? Wace makaranta zai shiga? Idan ka fita aikin dare, wa za ka bar masa? Malikiyya ta shardanta cewa namijin da zai riƙe ƙaramin yaro sai yana da macen da za ta yi reno a gidansa. Wanda yake raba ɗaki ɗaya da abokai huɗu a Agege ba shi da amsa a nan, kome yawan abin da yake samu.

KOTUN GARGAJIYA

A al'adun ƙabilun Kudancin Kaduna, kamar yadda yake a wurare da yawa a Nijeriya, ɗa na gidan uba ne. A can yake da suna, a can yake da gona, a can zai ci gado. Mace idan za ta fita takan tafi da na goye ne kawai, in an yaye shi a mayar. A dā ma akwai wani tsari da masanin nan M. G. Smith ya yi rubutu a kansa a 1953 game da Kagoro da Kadara, inda mace takan bar mijinta na fari ta koma wurin wani a wani ƙauye ba tare da auren farko ya mutu ba. A irin wannan zama, tsayar da ɗa a gidan uba shi ne abin da ya hana zuriya watsewa. Zuwan mishan da kotuna ya kawar da wancan tsari, amma tunanin cewa ɗa ba ya bin uwa yana nan.

Kotuna ba su soke al'ada ba, amma tun zamanin Turawa sun sa mata iyaka: ba a aiki da al'adar da ta saɓa wa adalci da sanin ya kamata. A shari'ar Edet da Essien, a ƙasar Kalaba a 1932, wani ya nemi a ba shi 'ya'yan da mace ta haifa wa wani namiji, don kawai ba a mayar masa da dukiyar auren da ya biya ba. Kotu ta ƙi. A 1961, a shari'ar Mariyama da Sadiku Ejo, Babbar Kotun Jihar Arewa ta duba al'adar Igbira wadda ta ce ɗan da aka haifa cikin wata 10 da rabuwa na tsohon miji ne. Da ya tabbata yarinyar ba tasa ba ce, kotu ta ƙi bin al'adar, ta ce amfanin yarinyar ne abin dubawa.

Sa'an nan a 1989, a shari'ar Okwueze da Okwueze, Kotun Ƙoli ta yi bayanin da kotunan gargajiya ke bi. Ta yarda cewa a yawancin al'adun Nijeriya uba ne mai haƙƙin riƙo, amma ta ce ba za a tilasta wannan haƙƙi ba inda zai cutar da yaro. Saboda haka uban da ya je kotun gargajiya a Zonkwa ko Kwoi da hujjar cewa ya biya dukiyar aure, bai gama ba. Sai ya nuna inda yaron zai zauna da wanda zai kula da shi. Mayar da dukiyar aure magana ce tsakanin miji da surukai, yaro ba jingina ba ne.

AUREN RAJISTA

Mutane da yawa suna ɗauka duk auren da aka yi a coci auren rajista ne. Ba haka ba ne. Sai an bi ta ofishin rajistara an karɓo takardar izini, aka kuma ɗaura a cocin da gwamnati ta ba lasisi, ko a ofishin kansa. In ba haka ba, albarka kawai fasto ya sa wa auren gargajiya, kuma kotun gargajiya ce za ta ji ƙarar. Wanda bai tabbata ba sai ya duba takardar aurensa tun kafin ya ɗauki lauya.

Auren rajista Babbar Kotu ce kaɗai ke raba shi, bisa ga Doka ta 18 ta 1970 da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa. Sashe na 71 na dokar ya ce a batun riƙo, amfanin 'ya'ya shi ne a kan gaba da kome. Ya ba alƙali ikon ya dakatar da shari'a har jami'in kula da jin daɗin jama'a ya je ya ga gidajen ya kawo rahoto, da ikon ba wani dabam riƙo idan iyayen duka ba su dace ba, da ikon tsara yadda wanda bai sami riƙo ba zai riƙa ganin yaro.

A shari'ar Williams da Williams ta 1987, Kotun Ƙoli ta ce riƙo ba lada ba ne ga wanda ya yi gaskiya a zaman aure, ba kuma horo ba ne ga mai laifi. A shari'ar Odogwu da Odogwu ta 1992, Mai Shari'a Alfa Belgore ya bayyana cewa jin daɗin yaro ba a auna shi da sutura mai kyau da talabijin da sauran kayan alatu, ana auna shi ne da kwanciyar hankalinsa, kuma ana ɗauka ƙaramin yaro ya fi sakewa a wurin uwarsa sai in an kawo hujjar da ta nuna akasin haka.

Wannan doka ta yarda a shigar da ƙara a Babbar Kotun kowace jiha. Miji yana iya shigarwa a Ikeja alhali matar tana Kafanchan. Amma dokar ta kuma ba kotu ikon mayar da shari'ar wata jiha idan adalci ya bukaci haka, abin da mata da yawa ba su sani ba, har a yanke hukunci ba su halarta ba saboda rashin kuɗin mota.

Ban da waɗannan, akwai Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003, wadda Jihar Legas ta yi irin tata a 2007, Jihar Kaduna kuma a 2018 a zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i. Dukansu sun sa amfanin yaro a gaba.

IDAN ADDINI YA BAMBANTA

Shari'ar da ta fi wuya a Kafanchan ita ce ta gidan da uba Musulmi ne uwa Kirista. Irin wannan aure ba baƙon abu ba ne a garin. Amma rikice-rikicen 1987 da 1999 da 2011 sun raba unguwanni, har ya zama kai yaro gaida kakarsa a ɗaya ɓangaren gari abu ne da ake shawara a kai. Idan aure irin wannan ya mutu, rigimar takan fita daga hannun mutum biyu ta koma ta dangi da malamai da fastoci, kowa yana tsoron kada a juya yaron.

Abin da mutane kaɗan suka sani shi ne Malikiyya ba ta sa Musulunci cikin sharuɗɗan mace mai riƙo ba. Uwa Kirista tana da haƙƙin riƙon ɗanta kamar kowace uwa. Idan ana tsoron za ta ba shi abin da addinin ubansa ya hana, abin da malamai suka ce shi ne a sa Musulmi su sa ido, ba a ƙwace yaron ba. A ɗaya gefen kuma, kotun shari'ar Musulunci ta Musulmi ce, wanda ba Musulmi ba sai da yardarsa yake shiga ƙarƙashinta. Don haka akan ɓata watanni ana jayayya a kan kotun da za ta ji ƙarar tun ba a taɓa maganar yaron ba, shi kuwa yana girma a hannun wanda ya riga ya ɗauke shi.

HUKUNCI A TAKARDA

Hausawa sun ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Amma a batun riƙo, ko ta haihu ma da sauran aiki. Alƙali a Kafanchan yana iya cewa a mayar wa uwa ɗanta, amma masinjan kotu ba zai hau mota zuwa Ikko ba. Kafin a sa hukuncin ƙaramar kotu ya yi aiki a wata jiha sai an nemi lauya, an kashe kuɗi da lokaci, abin da macen da ke sayar da ƙosai ba ta da shi. Jihar Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati. Akwai kwamitocin sasantawa a wasu masallatai, akwai kuma fadar Sarkin Hausawa a Agege da Sabon Badun da Shagamu, waɗanda ake jin maganarsu, amma ba su da ikon tilasta kowa.

Haka shi ma uba yakan ga tasa. Kotu ta ce yana da ikon ganin ɗansa, ya zo da Salla ɗauke da tsaraba, a ce masa yaro ya tafi ƙauye. Ya aiko da kuɗin ciyarwa ta hannun direba, a kotu a ce ba a taɓa gani ba. A lokacin da jirgin ƙasa ke zirga-zirga sosai, akan damƙa ɗan makaranta a hannun wani sananne a tashar Kafanchan ya kai shi har Ikko ko Fatakwal da kuɗi kaɗan. Da jirgin ya ja baya, tafiyar ta koma ta mota, ga tsada ga fargabar hanya, ziyara ta ƙara wuya.

Wasu kuma sukan garzaya wurin 'yan sanda da ƙarar satar yaro. Wannan ba ya warware kome, domin 'yan sanda ba su da ikon yanke hukuncin riƙo. Abin da yakan biyo baya shi ne a tsare kaka ko kawu na kwana ɗaya ko biyu, gaba ta ƙara tsanani, yaro kuma ya tashi da labarin ranar da ubansa ya sa aka kama kakarsa.

ABIN DA YAKE ƊOREWA

Duk wanda ya duba dokokin nan uku zai ga sun taso daga wurare dabam amma sun haɗu a wuri ɗaya. Babu wadda ta ba uba ikon ɗauke yaro don kawai nasa ne, babu kuma wadda ta ba uwa ikon ɓoye shi. Abin da ya fi ɗorewa shi ne sulhun da aka yi a gaban manyan dangi biyu, aka kai wa alƙali ya rubuta ya zama hukunci.

Irin wannan takarda sai ta faɗi kome filla-filla: gidan da yaro zai zauna, makarantar da zai shiga da wanda zai biya, abin da uba zai riƙa bayarwa kowane wata da hanyar aikowa, wadda ta banki ta fi domin tana barin shaida. Ta faɗi inda zai yi dogon hutu da inda zai yi Salla ko Kirsimeti, wanda zai raka shi, wanda zai biya mota, da ranar da za a dawo da shi. Ta faɗi ranar da za a ba shi waya ya gaisa da wanda ke nesa. Ta kuma faɗi abin da za a yi idan uwa ta yi aure ko uba ya sake gari.

Alƙali ba zai riƙe shari'ar har abada ba. Shekara 10 ko 15 kawai, yaron da ake ja-in-ja a kansa zai zama saurayi mai kuɗin motarsa, ya tafi inda ransa ke so ba tare da sammaci ba. A ranar ba takardar kotu zai duba ba. Zai tuna wanda ya biya masa kuɗin makaranta, da wanda ya bar shi ya gaida mahaifiyarsa ko mahaifinsa, da wanda ya hana.